Makunnin Da Ke Aiki A Ƙarƙashin Ruwa

A shirinmu na yau za mu nutsa cikin ruwa ne, mu duba ɗan abin da kan jawo asarar na'ura mai tsada, wato makunni.

Tocilan masu nutso, kyamarar ɗaukar hoto a teku, da na'urar da ke duba bututun mai a ƙasan ruwa, duk a rufe suke ruf. Inda ruwa ke samun kafa shi ne hudar da aka yi wa maɓallin kunnawa. Kuma ruwa na da nauyi. Duk mita 10 da aka nutsa, matsi na ƙaruwa da kusan kilo 1 a kan fili mai faɗin farce. A mita 30, ruwan da kansa na iya danne maɓalli, na'ura ta kunnu ko ta ƙi mutuwa.

A jikin kwalin irin waɗannan makunnai za ku ga an rubuta IP67 ko IP68, ma'aunin hukumar IEC da ke Geneva. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP67 na nufin zurfin mita 1 na minti 30 kacal. IP68 kuwa kamfani ne ke yanke zurfin da lokacin, don haka sai an karanta takardarsa. In babu adadin mita a rubuce, ni dai shawarata a haƙura da shi.

Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne makunnin da ba ya buƙatar huda sam. Ƙarafa biyu ne sirara a cikin ɗan bututun gilashi, an fara ƙera irinsa a ɗakin binciken Bell na Amurka a shekarun 1930. Ana ɓoye shi a cikin na'ura, sai a zame maganaɗisu ta waje, ƙarafan su haɗu, wuta ta kama. Sai dai gilashi ne, faɗuwa na fasa shi, kuma ba ya ɗaukar wuta mai ƙarfi.

In dole sai mai maɓalli, to a kula da zoben robar da ke toshe shi. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. A riƙa shafa masa man silikon, a ɗauraye da ruwan daɗi bayan an fito daga na gishiri, ƙarfen kuma ya zama mara tsatsa samfurin 316.

Masu rijiyar burtsatse da masu kiwon kifi, ku ma abin ya shafe ku. Makunnin nan mai yawo a tanki yakan zo a rufe da kyau, amma ana cutar da shi a mahaɗar waya, inda ake naɗe ta da salatif a bar ta cikin ruwa. A sayi mai doguwar waya, a yi haɗin a busasshen wuri sama da bakin tanki.