Canon, Nikon ko Sony: Wacce ta fi gani da dare?

Da rana tsaka kowace kyamara gwana ce, ko wayar hannu tana fitar da hoto tangaran. Sai magariba ta wuce, ko a ɗauke wuta ana tsakiyar dina, ake gane wadda ta amsa sunanta. Shi ya sa mu ɗalibai masu ɗaukar hoton biki don rufa wa kai asiri ba ma gajiya da musu a kan Canon, Nikon da Sony. Musun ba na banza ba ne: sai mutum ya daɗe yana tari kafin ya sayi ko da ta hannu ce, kuma ba a sake kamun amarya don hoto ya yi duhu.

Makamin kowa a musun shi ne lambar ISO. A 2007 Nikon ta fito da D3 mai kaiwa 25,600, lokacin da Canon 1D Mark III ta tsaya a 6,400. Zuwa 2009 D3S da 1D Mark IV duk sun taɓa 102,400. Sony ta shigo da A7S a 2014 da 409,600, sai Nikon D5 ta zo a 2016 da lamba sama da miliyan uku.

To amma ISO ba ya ƙara haske. Kamar ƙara sautin rediyo ne a tashar da ba ta kamawa sosai: murya za ta ɗaga, shuuu ɗin ma ya ɗaga. A hoto, wannan shuuu shi ne ɗige-ɗigen nan kamar an watsa yashi a fuska. Hoton miliyan uku na D5, in ka gan shi, ba za ka iya miƙa wa uwar amarya ba.

Abin dubawa shi ne yawan hasken da ke isa farantin da ke cikin kyamara, wato sensa. D3S tana da babba, milimita 36 da kusan 24, na 1D Mark IV kuwa ya fi ƙanƙanta, don haka a lamba ɗaya hoton Nikon ya fi tsabta. Sony ta taƙaita A7S a megafiksal 12 don kowane ɗigo ya yi girma ya kwashi haske, abin da ya sa masu bidiyo suka rungume ta. A hoton tsaye dai, idan aka wanke su girma ɗaya, ratar da ke tsakanin A7S III, Canon R6 da Nikon Z6 II, dukkansu na 2020, ba ta kai yadda ake kururutawa ba.

Inda muke ganin bambanci na gaske shi ne gilashin gaba. Wanda ake haɗowa da ƙananan kyamarori yakan tsuke zuwa f/5.6 idan an jawo hoto. Ɗan ƙaramin 50mm mai f/1.8, wanda duk kamfanonin uku ke yi da sauƙin kuɗi, yana shigar da haske kusan ninki goma. Babu sauya kamfanin da zai ba ka wannan.

Sai saurin kama fuska a duhu. Nan sababbi marasa madubi, irin R6 da A7S III masu bin ido da kansu, sun fi sauƙin aiki. Na'urar hana girgiza kuma hannunka kawai take riƙewa; ƙawar amarya da ke juyi a fili sai ta fito dishi-dishi in ba ka ƙara saurin ɗauka ba.

Mu dai da za a ba mu zaɓi, bidiyon dare Sony, hoton biki kuwa duk wadda gilashinta ya fi samuwa a kusa. Kafin ka biya, nemi lungun shago mafi duhu, sa ISO a 6,400, ɗauki fuskar mutum da baƙin yadi, sannan ka buɗe hoton a kwamfuta. Ƙaramin allon bayan kyamara yana ɓoye yashin.