Gano Musabbabin Matsala a Na'urar Gane Motsi da Aka Haɗa da Allon Arduino

A wannan maƙala za mu duba matsaloli biyu da aka fi cin karo da su idan an haɗa na'urar gane motsi samfurin HC-SR501 da ƙaramar ƙwaƙwalwar sarrafawa irin ta allon Arduino Uno: ko dai ta yi ta ba da alama alhali babu kowa a wurin, ko kuwa mutum ya wuce ta yi shiru. Galibi akan ɗora laifin a kan umarnin da aka rubuta wa ƙwaƙwalwar, amma a ganinmu ba kasafai laifin yake can ba.

Ko da yake sunanta ke nan, wannan na'ura ba motsi take gani ba. Zafin da jiki ke fitarwa take ji, watau wani haske da ido ba ya gani. Idonta ya kasu gida biyu, kuma ba ta amsawa sai zafin da ke faɗawa kan ɓangare ɗaya ya canza, ya bambanta da na ɗayan. Shi ya sa ta fi saurin kama wanda ya gifta ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye, wanda ke bayan gilashin taga kuwa ba ta jinsa, domin gilashi yana tare wannan haske. Haka nan da bazara a Kano ko Sakkwato, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, bango da ƙasa sukan yi ɗumi kusa da na jikin mutum, sai nisan da take kamawa ya ragu. Wannan ba lalacewa ba ce, kuma babu umarnin da zai gyara shi.

Saboda haka a fara da raba ta da ƙwaƙwalwar, a ba ta bolt 5, a auna ƙafarta ta tsakiya da mita. Mai lafiya takan nuna wajen bolt 3.3 in an gifta, sa'an nan ta koma sifiri. Sai dai a jira kamar minti ɗaya bayan kunnawa, don kafin ta daidaita takan ba da alamun ƙarya. A kuma duba 'yan kusoshin nan biyu da ake murɗawa: ɗaya na nisa, daga mita 3 zuwa 7, ɗayan na tsawon lokacin da alama za ta daɗe, wanda kan kai minti 5. Wanda ya bar na biyun a ƙarshe zai zaci na'urar ta maƙale. Bayan alamar ta sauka kuma akwai wajen daƙiƙa 3 da ba ta jin kome.

In ta ci wannan jarrabawa, sai a mayar da ita, a tabbata ƙafar GND tata tana haɗe da ta allon. Alamun ƙarya da suka rage yawanci daga wuta marar tsayuwa suke, ko hasken rana da iska mai zafi, ko kuwa kusanci da allon da ke watsa Wi-Fi irin su ESP8266, wanda nisanta su da sanya kafasita tsakanin ƙafafun wuta kan rage.