Hunturu a Nguru da Gashuwa: Wutar gas a rufaffen ɗaki

Daga Disamba zuwa Janairu, idan iskar hunturu ta sauko daga Sahara, ma'aikacin tarayya da aka tura Nguru ko Gashuwa kan toshe taga da tsumma saboda ƙura, ya kunna murhun gas don ɗumama ɗaki. Wanda ya saba da Abuja ba ya zaton sanyin asubar can ya kai haka.

Sai dai wuta ma numfashi take yi. Kilo 1 na gas ɗin girki yana bukatar iska wajen kilo 15 kafin ya ƙone sarai. Idan iskar ta yi ƙaranci, harshen wutar yakan rikiɗe daga shuɗi zuwa rawaya, yana fitar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari, ba ta da launi. Jini yana riƙe ta fiye da oksijin sau 200. Da ciwon kai da jiri take farawa, abin da akan ɗora wa zazzaɓin cizon sauro, a sha magani a koma barci.

Kafa biyu ɗakin yake bukata, ɗaya kusa da rufi, ɗaya a ƙasa, domin gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, idan ya zurare ƙasa yake kwantawa. Ta ƙasan ce tsumman gindin ƙofa yake toshewa.