Manomin Masara, Kada Ruwa Ya Wanke Maka Taki

Manoman rani da dama, daga Kadawa har Bakolori, sun ɗauka cewa yawan taki da yawan ban ruwa su ne ke cika buhu. Da tsadar da taki ya yi yanzu, wannan tunani na cinye kuɗin manomi bai ankara ba.

Sinadarin da masara ta fi buƙata shi ne naitirojin. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari, buhun kamfa 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi. Sai dai saiwa ba ta iya shan taki sai ya narke a danshi. In ƙasa ta bushe, taki zai zauna a banza, yuriyar da aka watsa a sarari kuma wani kaso nata zai bi iska. In kuma aka malala ruwa fiye da kima, musamman a ƙasa mai yashi, sai ya gangara da naitirojin can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Ruwan da ya kwanta a gona kuwa shaƙe saiwa yake yi.

Masarar da ke jin yunwar naitirojin ba ta ɓoyewa. Tsofaffin ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya, daga tsinin ganyen, rawayar ta bi jijiyar tsakiya zuwa gindi. Wadda ƙishirwa ta dama kuwa nannaɗe ganye take yi da rana tsaka. Kada a ga ƙishirwa a ƙara taki.

Don haka a raba taki kashi biyu. A sa kamfa cikin makonni biyu na farko bayan shuka, a bi da yuriya a mako na huɗu zuwa na shida. A tona ɗan rami nesa kaɗan da gindin masara, a zuba, a rufe, sannan a ba da ruwa daidai jiƙa ƙasa.

A kula sosai lokacin da masara ta fitar da kai ta fara goyo. Ƙishirwa a wannan gaɓa ke sa a ɓare masara a tarar da giɓi, kuma babu takin da zai gyara wannan daga baya. Adadin takin da ya dace ya danganta da ƙarfin ƙasa da irin da aka shuka, saboda haka a nemi shawarar malamin gona kafin a sayi buhu.