Arlit, Akokan, Bilma: da me garuruwan Arewa za su rayu in rami ya rufe?

Ranar 31 ga watan Maris na shekarar 2021 kamfanin COMINAK ya daina haƙar uraniyom a ramin Akuta, bayan shekara 43 yana fitar da shi. Tun daga ranar nan garin Akokan, wanda aka gina saboda ma'aikatan wannan rami, yake fuskantar tambayar da ke jiran kowane garin ma'adinai na jihar Agadas: in abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya ƙare, da me za a ci tuwo?

Garin da kamfani ya haifa

Kafin shekarar 1969 babu gari a Arlit. Fili ne na duwatsu da rairayi, wajen kilomita 240 arewa da Agadas, inda makiyayan Azbin ke ratsawa da raƙumansu. A 1957 ne Turawan Faransa masu neman jan ƙarfe suka ci karo da uraniyom a Azelik, daga nan bincike ya kai su Arlit. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da ƙarfe a 1971 daga ramuka buɗaɗɗu. COMINAK kuwa an kafa shi a 1974, ya fara aiki a 1978, yana haƙa a ƙarƙashin ƙasa, zurfin wajen mita 250.

Duk abin da gari ke bukata sai da aka kawo shi. Ruwa daga rijiyoyi masu zurfi aka jawo shi, ruwan da ya taru tun dubban shekaru, wanda ɗan yayyafin hamada ba ya mayar da gurbinsa. Don wutar lantarki aka kafa SONICHAR a 1975, mai haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren kusa da Cirozerin, tasharsa ta fara ba da wuta a 1981. Don jigila aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda kowa ya sani da suna hanyar uraniyom. Ta kanta a da manyan motoci suka riƙa hawowa da farar wuta da kayan injuna daga tashar ruwan Kwatano, su gangara da gangunan ƙarfe.

Mutane ma kawo su aka yi, ko kuma suka kawo kansu. Daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso leburori da direbobi da mahauta da teloli da ƴan kasuwa suka kwararo. Masu albashi suka samu gidaje da likita da makarantu a unguwannin kamfani, har ana yi wa Arlit kirari da ƙaramin Paris. Waɗanda ba su samu shiga ba suka kafa bukkoki a gefe, suna cin abincinsu daga aljihun masu albashi. A ƙarshen shekarun 1970 uraniyom ya kai fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin kayan da Nijar ke sayarwa waje, kuma a lokacin wannan wadata, zamanin Seyni Kunce, manyan gine-gine irin su otal Gaweye suka tashi a Yamai.

Farashin da ake yankewa a nesa

Abin da ba a faye faɗa wa mazauna Arlit ba shi ne, makomar garinsu ba a hannunsu take ba. A 1979 aka yi haɗari a wata tashar nukiliya ta Amurka, masu saye suka ja da baya, farashi ya karye. Nijar, wadda ta fitar da fiye da tan 4,000 a 1981, ta koma wajen tan 3,000 a shekara, kamfanoni suka shiga rage ma'aikata. Haɗarin Carnobil na 1986 ya ƙara dagula kasuwa. Da farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2007 sai fata ta dawo: a 2009 aka ba kamfanin Areva izinin haƙar Imuraren, ƴan Sin kuma suka buɗe nasu ramin a Azelik. Sai ga haɗarin Fukushima a Japan a 2011. A 2014 aka jingine aikin Imuraren, ramin Azelik ma bai daɗe ba ya tsaya.

COMINAK ya fitar da wajen tan 75,000 a tsawon rayuwarsa. Da ya rufe, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwantiragi da ke aiki ƙarƙashin ƙananan kamfanoni. Bayan kowane albashi guda akwai mai tebur, da mai tuwo, da mai gidan haya, da iyaye a wani ƙauye na Gobir ko Adar masu jiran saƙo ƙarshen wata. An kuma bar wa garin tsibin sharar dutse ta wajen tan miliyan 20, mai fitar da tururin da ido ba ya gani amma yana cutar da jiki, wadda dole a rufe ta a kuma lura da ita shekaru masu yawa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, rufe iyaka da Benin ya toshe hanyar Kwatano. A watan Yuni na 2024 gwamnati ta karɓe izinin Imuraren daga Orano, wato sabon sunan Areva, a watan Yuni na 2025 kuma ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Wannan mataki ya canza mai rami, amma ƙarfen da ke cikin ramin yana nan da iyakarsa, ko a hannun wa yake.

Arzikin da ke zuwa ya wuce

Sauran hanyoyin samu na Arewa ma sun sha irin wannan tsayawa ta farat ɗaya. A shekarun 1980 ƴan yawon buɗe ido suna cika Agadas, maƙeran azurfa da dukawa da masu ja-gora suna samun rufin asiri. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya kore su. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 suka soma dawowa, sai tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a watan Satumba na 2010 suka sake rufe ƙofa.

A 2014 ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa: aka ga zinariya a Jado, sannan a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. Dubban matasa suka bar gonaki suka nufi hamada, masu sayar da ruwa da man fetur suka yi ciniki, amma a 2017 hukuma ta rufe Jado. Haka jigilar matafiya zuwa Libiya, wadda ta ciyar da gidaje da yawa a Agadas da Dirku: dokar 2015 ta haramta ta, aka kama motoci da direbobi, sai a watan Nuwamba na 2023 aka soke dokar. Kowace daga cikin waɗannan sana'o'i sa hannu guda ko harbin bindiga guda ya isa ya tsayar da ita.

Darasin Takadda da na gishiri

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A shekarar 1353 matafiyi Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takadda, ya tarar da birni mai arzikin jan ƙarfe, ana narka shi ana yin ƴan sanduna da ake ciniki da su kamar kuɗi. Masu binciken tarihi suna ganin kufan Azelik shi ne wannan birni. Yau babu abin da ya rage nasa sai tarkacen gini da kashin maƙera.

Gishiri kuwa bai mutu ba. A Tagidda ta yankin Ingal har yanzu ana tace shi daga ƙasa a ƙananan tafkuna. A Faci da Bilma ana yin kantu don dabbobi da beza don miya. Da kaka ayarin Azbinawa kan ratsa Tenere, wajen kilomita 600 daga Agadas, ɗauke da geron Damargu, su juyo da gishiri da dabino, su gangara kasuwannin Damagaram da Maraɗi har Kano, raƙumansu na kiwo a gonakin da aka girbe suna bar wa manomi taki. Farin 1973 da na 1984 sun kashe raƙuma da yawa, motoci sun karɓe babban kaso na lodin, amma cinikin yana nan, domin mai saye makiyayi ne da manomi na ƙasar nan, kuma bukatarsa ba ta yankewa.

Haka lambunan duwatsun Azbin. Tabelot da Timiya da kan dutsen Bagzan suna ba da albasa, da tafarnuwa, da dankalin turawa, da lemu da rumman. Albasar Azbin takan fito a lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, shi ya sa take samun kasuwa har ƙasashen bakin teku. Abin da ke karya manomin wurin shi ne tsadar man injin ban ruwa, da rashin wurin ajiya, da hanyar da ke ruɓar da kaya kafin su kai kasuwa.

Tun ran gini, tun ran zane

Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa a cikinta kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu, kuma zaɓaɓɓun jihar Agadas sun sha kukan jinkirin biyansa. A yarjejeniyar 2014 Areva ta yi alkawarin Yuro miliyan 90 don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ta ragargaje har tafiyar yini ta koma ta kwanaki. Ke nan rijiya ta ba da ruwa, a guga ake samun matsala.

Hakkin magabata ne su biya wannan kaso a kan lokaci, su bayyana wa jama'a adadinsa. Hakkin ƙananan hukumomi ne kuma su zuba shi a abin da zai wanzu bayan rami: hanyoyin da za su fito da albasar Azbin, madatsun ruwa a ƙoramu, famfunan hasken rana a lambuna, rumbunan ajiya, da koya wa ƴaƴan ma'aikata sana'ar da ba ta rataya ga kamfani ba. Ramukan SOMAÏR ma ranarsu na tafe. Mutanen Arlit suna da hakkin sanin abin da aka tanadar musu tun motocin ƙarfe ba su daina fita ba.