Kwalta kafin zaɓe, haraji bayan rantsuwa

Jihar Diffa ba baƙuwa ba ce a siyasar Nijar. Tandja Mamadou ɗan Maine-Soroa ne, a jihar aka haifi Mohamed Bazoum, ga man Agadem yana ɓulɓulowa daga ƙasar N'Gourti. Amma da wuya ka ji mai noman tattasai a bakin Komadugu yana tambayar daga aljihun wa za a maido kuɗin da gwamnati ke zubawa gab da zaɓe.

Amsar tana cikin tarihin ƙasar. An sake zaɓen Tandja a Disamban 2004. Tun ba a gama shagalin nasara ba, kasafin kuɗin 2005 ya ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa, madara, sukari, ruwa da wutar lantarki. Sai da jama'a suka cika titunan Yamai a watan Maris, aka rufe kasuwanni, aka kulle jagororin ƙungiyoyin farar hula irin su Nouhou Arzika, kafin gwamnati ta janye akasarin harajin. Haka aka sake yi bayan Issoufou Mahamadou ya samu wa'adi na biyu a 2016: kasafin 2018 ya zo da sabbin haraji, aka yi zanga-zanga, aka sake kama Arzika tare da Ali Idrissa da Moussa Tchangari. Babu mai mulkin da ke ƙara haraji ana saura wata uku a jefa ƙuri'a, sai ya ga ya zauna daram.

Kafin zaɓe kuwa, kuɗi na karkata ne zuwa abin da ido ke gani: kwalta, fitilun titi, aza harsashi a gaban 'yan jarida. A 2008 aka sa hannu da kamfanin CNPC na Sin kan Agadem, aka aza tubalin madatsar Kandadji da na matatar Soraz ta Damagaram. Shekara na zagayowa, waɗannan ayyuka suka zama hujjar Tazarce, wai a bar Baba Tandja ya ƙarasa abin da ya fara. Sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010, matatar ba ta fara aiki ba sai ƙarshen 2011.

Ba Nijar kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Ghana giɓin kasafi ya haura kashi 11 cikin ɗari na arzikin ƙasa a shekarar zaɓen 2012, zuwa 2015 ƙasar tana ƙofar asusun IMF.

A garin Diffa, aikin ƙawata birni na Diffa N'Glaa an tsara shi ne don bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamban 2020, kwana tara kafin zaɓe, sannan aka ɗage zuwa 2021. A yi adalci, a lokacin bikin zagayawa yake yi jiha-jiha, Maradi da Tahoua da Damagaram duk sun karɓa. Matsalar ita ce abin da ba ya ɗaukar hoto shi ake mantawa: kuɗin kula da abin da aka gina, maganin likita, shingen da zai tare Komadugu in ta cika ta shiga gonaki kamar yadda ta yi a 2019, da tallafin manoma da masunta da dokar ta-ɓaci ta 2015 ta karya wa jari.

Akwai kuma kuɗin da ba alherin kowane ɗan takara ba ne. Dokar man fetur ta ware wa ƙananan hukumomin jihar da ake haƙo man kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen shigar da gwamnati ke samu daga man, kuma an sha kokawa kan jinkirin biyansa. Tun juyin mulkin Yulin 2023 babu zaɓe, an rushe majalisun gari a 2024, amma waɗanda aka naɗa a madadinsu a Diffa, Bosso da N'Guigmi su ne ya kamata a tambaya nawa ya shigo bana, kuma wane aiki aka yi da shi.