Gembu: Garin da Ake Shari'ar Ruwansa a Paris

Duk sanda aka ɗauke wuta a Sakkwato cikin zafin Afrilu, ba a rasa wanda zai ce a majalisa ai da an gama Mambila da tuni mun huta. Zancen ya ƙara ƙarfi tun watan Janairun 2025, lokacin da tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Olusegun Obasanjo da marigayi Muhammadu Buhari, suka ba da shaida a gaban kotun sasanta rikicin kasuwanci a Paris. Na gwada tambayar masu wannan magana, har da waɗanda suka yi boko mai zurfi, ina Mambilan take. Wani ya ce Jihar Filato. Wani ya ɗauka sunan kamfani ne. A tunanin yawancinmu Mambila madatsar ruwa ce da aka cinye kuɗinta, alhali ƙasa ce mai mutane da gonaki da kaburburan kakanni, kuma ƙaramar hukumar da take ciki sunan ɗan Rabah take amsawa: Sardauna.

Ita shari'ar ba sai na daɗe a kanta ba, jaridu sun cika da ita. Tun shekarun 1970 ake batun tare kogin Donga a saman tsaunin. A 2003 aka ba kamfanin Sunrise takardar kwangila, wadda gwamnati ke cewa ba a bi ƙa'ida wajen bayar da ita ba. A 2017 majalisar zartarwa ta amince da sabuwar kwangila ta kusan dala biliyan 5.8 da kamfanonin ƙasar Sin, don samar da megawat 3,050, shi kuma Sunrise ya garzaya Paris yana neman diyyar fiye da dala biliyan 2. Har yau ko ƙwan lantarki ɗaya aikin bai kunna ba.

Mu koma kan garin. Gembu shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba, can kan iyakar Kamaru, kuma ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum fiye da 200,000. Mai zuwa daga Jalingo zai bi ta Bali da Serti ya isa Mayo Selbe a gindin dutse, daga nan mota ta kama hawa da kwana-kwana har ta ɓulla Maisamari, ta wuce Nguroje, sannan Gembu. Saman tsaunin ya kai tsayin mita 1,600 a matsakaici daga doron teku, Sakkwato kuwa wajen mita 300 ce. Kowane hawan mita dubu yana rage zafi da kusan digiri shida, shi ya sa Basakkwacen da ya je can da 'yar shara zai kwana yana neman bargo. Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Najeriya da mita 2,419, tana nan kusa, a gandun dajin Gashaka-Gumti. Tudu ne bayan tudu, ciyawa shar, sai layukan itacen turare da aka dasa saboda katako da makamashi.

Sanyin nan shi ne arzikin wurin. Ƙudan tsando ba ya jin daɗin saman tsauni, don haka shanu suka tsira daga sammore, Fulani suka hau da garkunansu da yawa tun wajen shekarun 1940, har Nguroje ta zama kasuwar shanu da ake ji da ita. A Kakara akwai gonar ganyen shayi da masana'antar da ke fitar da Highland Tea. Ana noma masara da dankalin Turawa da ayaba da fiya da gwaza. Matsalar ɗaya ce, sauko da kayan. Ɗan zaftarewar ƙasa a kan hanyar hawan nan ya isa ya ruɓar da fiyar manomi a buhu, mutanen ƙetaren Donga kuma sun shekara da shekaru suna shiga Gembu da kwalekwale.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sunan. Me ya kai sarautar Sakkwato kan tsaunin da sai ka yi kwana biyu a mota kafin ka gan shi?

Alaƙar ta girmi Ahmadu Bello, kuma farkonta ba mai daɗin faɗa ba ne. Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu, daular Fombina ta kafu, a ƙarƙashinta aka sami ƙananan masarautu irin su Banyo da Gashaka. A ƙarshen ƙarni na 19 mayaƙan Banyo sun riƙa hawa Mambila suna kama bayi. Mu a nan muna karanta jihadi daga littattafan malamanmu, su kuma 'yan ƙabilar Mambila suna da nasu labarin da kakanni suka bar musu, kuma wanda bai san da wannan ba ba zai fahimci abin da ya faru a 1959 ba.

Da Turawa suka zo, tsaunin ya faɗa rabon Jamus, cikin Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ƙwace wa Jamus yankin aka raba tsakanin Ingila da Faransa. Rabon Ingila na arewa wani siririn yanki ne da ya taso daga Dikwa ya bi ta Gwoza da Mubi da Ganye har Mambila. A takarda amana ce aka ba Ingila ta riƙe, daga 1946 a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A aikace kuwa, don sauƙin mulki, sai aka jingina yawancinsa ga lardunan Adamawa da Barno, aka riƙa aiko masa hakimai daga Yola.

A watan Nuwamban 1959 aka tambayi mutanen yankin: za ku shiga Arewacin Najeriya idan ta sami 'yanci, ko a ɗaga maganar zuwa gaba? A Kaduna an ɗauka an gama. Sai ga shi kusan kashi 62 cikin ɗari sun ce a ɗaga. Wannan ba ƙaramin mari ba ne ga jam'iyyar NPC da Firimiya, wato Sardauna Ahmadu Bello. Abin yabo ga Sardauna shi ne ya karanta saƙon daidai: mutanen ba Najeriya suka ƙi ba, mulkin En'e na Yola da hakimansa suka gaji da shi. Cikin shekara guda aka cire yankin daga hannun Lamiɗon Adamawa, aka kafa masa hukumomin En'e na kansa, ciki har da ta Gashaka-Mambila, aka yi alkawarin zai zama lardi mai cin gashin kansa daidai da sauran lardunan Arewa. Daga 1 ga Oktoban 1960 Ingila ta riƙe yankin kai tsaye a hannun Sir Percy Wyn-Harris, har aka sake jefa ƙuri'a a watan Fabrairun 1961. Sakamako: 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Wani abin da ba a cika ambata ba, mata sun jefa ƙuri'a a wannan zaɓe, shekara goma sha biyar kafin matan Sakkwato da Kano su sami wannan dama. Ranar 1 ga Yunin 1961 yankin ya shigo Najeriya da sunan Lardin Sardauna, hedikwata Mubi. Shugaban Kamaru Ahmadu Ahidjo bai haƙura ba, ya kai ƙara kotun duniya, ita kuma a Disamban 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan ƙorafin.

Ka lura da kyau. Sauran 'yan Najeriya Turawa ne suka zana mana iyaka muka tashi muka tarar da kanmu a ciki. Waɗannan tambayarsu aka yi, suka zaɓa, a kan alkawari. Lardin bai yi tsawon rai ba. Ƙirƙiro jihohi a 1967 da 1976 da 1991 ya yayyaga shi tsakanin Barno da Adamawa da Taraba, sunan ya rage a kan ƙaramar hukuma ɗaya tak. Ba banza ba masu neman sabuwar jiha a yankin Mubi suka raɗa mata suna Amana. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa Arewa mun ci ladan tun 1961.

Rikicin da ya fi cin rayuka a tsaunin na ƙasa ne. Yawan shanu ya ƙaru, masu hali suka sami takardun mallakar manyan filayen kiwo suka kewaye da waya, manoma suka ga gonakinsu na ƙuntata, makiyaya kuma suka ce da takarda suke zaune, sun biya jangali shekara da shekaru. A farkon 2002 an yi faɗan da ya kori dubban Fulani zuwa Kamaru. A Yunin 2017 an sake yi, aka kashe mutane da shanu masu yawa. Kowane karo sai a kafa kwamiti. Amma akwai abin koyi a wani ƙauye a tsaunukan Suwizalan, Törbel, mutanensa ba su kai dubu ba, tsayinsa kusan na Gembu. Tun 1483 suka rubuta yarjejeniyar makiyayarsu ta gama-gari, a 1517 suka kafa doka cewa ba wanda zai hau da shanun da suka fi waɗanda zai iya ciyarwa da harawarsa a lokacin sanyi. Masaniya Elinor Ostrom ta kafa hujja da wannan ƙauye a binciken da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2009. Abin sha'awa, Robert Netting, masanin da ya yi nazarin ƙauyen, a wurin manoman Kofyar na Filato ya koyi aikinsa. Ban ce a kwafo dokar Turawa ba. Amma su mazauna wurin ne suka zauna suka ƙayyade abin da tudunsu zai iya ɗauka, a Mambila kuwa daga ofishin jiha ake sa hannu a takardar fili.

Yanzu a kan wannan ƙasa mai ciwo ake son zuba ruwan madatsu. Mu mutanen tsohuwar Jihar Sakkwato ba mu da uzurin jahilci a nan. A Afrilun 1980 manoman Bakolori suka tare hanya saboda diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya ci, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Sanatocinmu da 'yan majalisarmu da ke tashi suna cewa a hanzarta Mambila, wane ne a cikinsu ya taɓa neman a karanta masa sunayen ƙauyukan da ruwa zai ci, da inda za a mai da su, da filin kiwon da zai nutse? A Suwizalan fiye da shekara ɗari ke nan doka ta wajabta wa kamfanonin lantarki biyan kuɗin ruwa ga jihohi da garuruwan tsauni duk shekara. A rubuta irin wannan kaso ga Ƙaramar Hukumar Sardauna cikin doka tun kafin a kafa tubali, a kuma fara da gyaran hanyar hawan da ja wa Gembu wuta. Kusa da Kakara akwai 'yar tashar ruwa ta Tunga mai kilowat 400, wadda hukumar UNIDO ta taimaka aka gina, ita ta rage wa masana'antar shayi dogaro da man dizal. Ko kashi ɗaya cikin dubu bakwai na babban aikin ba ta kai ba, amma ita ce ta kawo wuta.

Sai malamanmu na tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Waziri Junaidu. An rubuta kundaye barkatai a kan Sardauna a Kaduna da Legas da Makka. A tura ɗalibai biyu ko uku Gembu da Mubi da Ganye da na'urar ɗaukar magana, su zauna da dattawa maza da mata, su ji daga bakinsu abin da aka faɗa musu a dandali kafin su jefa ƙuri'a. A tura wanda ya iya Fillanci, don shi ne harshen kasuwa a saman tsaunin. Wanda ya jefa ƙuri'ar yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, yau ya haura tamanin.